Jar dara: samarin Adar a yaƙe-yaƙen Faransa

A garuruwa da yawa na gundumomin Madawa, Buza da Keita, akwai gidan da har yau ake kira gidan tsohon soja, ko da mai gidan ya daɗe da riga mu gidan gaskiya. Jikoki sun san kakansu ya je yaƙin Nasara, ya komo da lambar girma da faransancin bariki, amma kaɗan ne ke iya faɗin inda ya je da abin da ya kai shi. Alhali kuwa hanyar da waɗannan samari suka bi tana nan a rubuce, shekara da shekara.

A shekara ta 1901 ne sojan Faransa suka ci Abzinawan Kel Geres da yaƙi a Galma, kusa da Madawa, suka miƙe ƙafa cikin ƙasar. Shekara 11 bayan haka, wato a 1912, Faransa ta kafa dokar ɗaukar soja tilas a ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulki. Da Yaƙin Duniya na Farko ya yi zafi, aka aiko Blaise Diagne, ɗan majalisar Sanigal, ya tara mutum kamar dubu 63 a shekara ta 1918 kaɗai. Kusan dubu 30 daga sojojin baƙar fata ba su komo daga wannan yaƙi ba. Ko da aka ajiye makamai ba a bar ɗaukar ba, don dokar 30 ga Yuli 1919 ta maida abin na kowace shekara, aikin soja na shekara 3.

Ga yadda ake yi. Kumandan ya aika wa sarakuna yawan samarin da yake so, su kuma su rarraba wa masu gari. A tattara yaran a bariki, likita ya duba ƙirji da haƙora da ƙafafu, waɗanda suka dace su ja ƙuri'a. Kashi na farko su shiga soja. Kashi na biyu kuwa, daga 1926, ana iya tura su aikin hanya da gine-gine. Kowa ya san ɗan mai hali yakan sami mafita, ɗan talaka da maraya su ne ke cika lissafi. Da yake iyakar ƙasar Ingilishi ba ta da nisa da Madawa, samari da dama kan tsallaka ƙasar Sakkwato da an ji labarin zuwan masu ɗauka, su komo in ƙura ta lafa. Wanda ƙuri'a ta faɗa kansa kuwa, tilas ba ta rasa ɗakin kwana.

Saurayin da bai taɓa wuce kasuwar garinsu ba, sai ga shi da jar dara da jar ɗamara, da lamba maimakon sunan ubansa. Bahaushe ne ko Ba'abzine, sunansa ɗaya a takarda: «tirailleur sénégalais», wato sojan Sanigal. A koya masa umurni da wani gurguntaccen faransanci, a sa shi jirgin ruwa, ya sauka ƙasar da ruwa ke daskarewa don sanyi.

A Yaƙin Duniya na Biyu wahalar ta fi. A watan Yuni 1940 Jamus ta murƙushe Faransa, kuma sojan Hitila sun riƙa ware fursunoni baƙar fata suna harbewa. Haka aka yi a Chasselay, kusa da birnin Lyon, ranakun 19 da 20 ga Yuni, inda maƙabartarsu take har yanzu. Waɗanda suka tsira da rai suka yi shekaru a tsare cikin Faransa. Ran 15 ga Agusta 1944 wasu sojojin Afirka suka sauka gaɓar Provence, suka taimaka wajen ƙwato Toulon da Marseille. Da nasara ta matso, aka janye su daga fagen fama, aka miƙa kayansu ga samarin Faransa. Ran 1 ga Disamba 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, aka buɗe wuta kan tsofaffin fursunonin da ke neman kuɗin da suke bi. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama na cewa sun fi haka nesa. Sai a 2024 shugaban Faransa ya kira abin da sunansa, wato kisan kiyashi.

Bayan haka sai yaƙin Indoshin da ya ƙare a 1954, da na Aljeriya daga 1954 zuwa 1962. Cikin waɗanda suka yi su duka biyu har da Seyni Kountché. Amma mafi yawan mazan jiya ba su hau wani muƙami ba. Sun koma gonakinsu a kwarin Magiya da duwatsun Adar, wasu suka zama gardi ko direba ko mai gadi a bakin ofis.

Maganar fansho ita ce ciwon da ya fi daɗewa. Dokar Faransa ta 26 ga Disamba 1959 ta daskarar da kuɗin tsofaffin sojojin ƙasashen da suka sami ƴancin kai: farashin kaya na hawa, nasu yana nan inda yake, na abokansu Faransawa kuwa yana ƙaruwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 2001 babbar kotun Faransa mai shari'ar hukuma ta ba wani tsohon saje na Sanigal, Amadou Diop, gaskiya, bayan ya riga ya rasu. An daidaita wani sashe a 2007, ba a daidaita duka ba sai a 2011, lokacin da mafi yawan masu haƙƙin suna cikin kabari.

Akwai ƙasar da ta riƙe nata yaran da hannu biyu. Ran 25 ga Afrilu 1915, sojojin Ostiraliya da sojojin baƙar fata na Faransa suka sauka mashigin Dardanel na Turkiyya a rana ɗaya. Cikin waɗanda suka biyo baya akwai James Martin, yaron da ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi, zazzaɓin taifot ya kashe shi ran 25 ga Oktoba 1915 yana da shekara 14. Sunansa na jikin bangon tunawa a birnin Kanbera, tare da sunaye fiye da dubu 100, kuma kowace 25 ga Afrilu ƙasar na tsayawa cak don tuna su.

Sunayen samarin Adar ma ba su ɓace ba. Ma'aikatar tsaron Faransa ta sa takardun waɗanda suka mutu a yaƙi cikin intanet, a shafin Mémoire des hommes. Na waɗanda suka komo kuwa suna cikin akwatunan gidajenmu: littafin soja da katin tsohon mayaƙi, masu ɗauke da lamba da runduna da wuraren da mutum ya je. Gara da ɗigar damina ba su san darajarsu ba. Duk ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya gaji irin wannan takarda, ya kamata ya ɗauki hotonta, ya nemi mai karanta masa ita gaban ƴaƴansa, tun tsofaffin da suka ga mai ita da idonsu suna da rai.