Sanyi da kamun kifi: me ya sa dabarar Turai ba ta aiki a tabkunan Tasawa da Mayahi?

Duk shekara idan hunturu ya kankama, masu sayen kifi a Tasawa da Mayahi sukan yi kuka iri ɗaya: ɗanyen kifi ya yi ƙaranci, wanda ake samu kuma ya yi tsada. A daidai wannan lokaci ne masunta a wasu ƙasashen Turai da Amurka ke murnar shigowar lokacin kamu mafi kyau, har bidiyonsu na yawo a wayoyin matasanmu. Ta yaya sanyi ɗaya zai zama alheri can, ya zama cikas nan? Amsar tana cikin zurfin ruwa da jinsin kifin.

Yadda ake yi a can

A tabkin Leman, tsakanin Faransa da Suwizalan, zurfin ruwa ya kai mita 310. Tabkin Sebago na jahar Maine a Amurka ya haura mita 90. Cikin irin waɗannan ruwaye ake samun kifin tarawut da wani nau'in kifin salmon da ya rabu da teku, yake ƙare rayuwarsa a ruwan daɗi. Dukansu kifayen ruwan sanyi ne, sun fi walwala idan zafin ruwa bai wuce digiri 15 ba.

Da zafi, rana kan ɗumama saman tabkin, sai kifin ya nutse ƙasa neman sanyi. Da sanyi kuwa, ruwan sama da na ƙasa sukan gauraya, zafinsu ya zo kusan ɗaya, wajen digiri 4 zuwa 6. Sai kifin ya taso yana farautar ƙananan kifaye kusa da sama. Nan masunci ke tuƙa kwale-kwale a hankali, kamar tafiyar mutum a ƙasa, yana jan dogayen igiyoyi a bayansa. A bakin kowace igiya akwai ƙugiya da ɗan ƙarfe mai walƙiya wanda ke juyi tamkar ƙaramin kifi mai rauni. Kifin ya hango shi, ya bi, ya haɗiye.

Tabkunanmu dabam suke

Dabarar tana buƙatar abubuwa uku: ruwa mai faɗi da zurfi, ruwa garai-garai, da kifi mai farauta da ido. Babu ko ɗaya a gundumomin nan biyu. Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasar Mayahi busasshen kwari ne mafi yawan shekara. Abin da ake da shi tabkuna ne na ruwan damina, masu laka, waɗanda da yawansu ke ƙafewa kafin bazara. Ko tabkin Madarunfa, wanda ya fi kowane girma a jahar Maraɗi, zurfinsa ƴan mitoci ne kawai.

Kifayenmu ma na ruwan ɗumi ne. Karfasa ta fi girma da sauri idan zafin ruwa ya kusa digiri 28 zuwa 30. In ya sauka ƙasa da 20 sai ta rage ci, in ya ƙara sauka ta daina. A watannin Disamba da Janairu, sanyin dare a yankin Maraɗi kan sauko ƙasa da digiri 15, kuma ruwa marar zurfi yana saurin hucewa. Kifin da ba ya jin yunwa ba ya bin ƙugiya. Tarwaɗa kuwa da gashin bakinta da jin ƙanshi take neman abinci a ƙasan laka, walƙiyar ƙarfe ba ta dame ta ba. Shi ya sa tsofaffin masunta ba sa sammako da hunturu, sai rana ta ɗaga ruwa ya ɗan ɗumama.

Ɗaya daga cikin kifayen Afirka da ke amsa wannan dabara sosai shi ne giwan ruwa, domin mafarauci ne. Ana kama shi ta haka a tabkin Nasser na Masar da tabkin Biktoriya, inda akwai faɗi da zurfi.

Inda hatsarin yake

Idan ƙugiya ta ƙi ci, wasu sukan koma ga raga mai ƙananan idanu, har da gidan sauro. Nan ne asarar take. Kifin da aka haifa da damina, ko wanda ma'aikatan gandun daji suka zuba a tabki bayan ɗaukewar ruwa, bai wuce ƴan watanni ba a Janairu, ga sanyi ya tsayar da girmansa. Wanda ya kwashe shi yanzu ya samu cikin kwano. Da an bar shi zuwa Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ya dawo kuma ruwa ya janye ya tara kifin wuri ɗaya, da an samu na kai wa kasuwa. Kuma in an share tabki mai riƙe ruwa duk shekara, babu iyayen da za su yi ƙwai da damina mai zuwa.

A nan ne masuntan Leman ke da abin koyi. Ana rufe kamun tarawut a lokacin da take ƙwai, kuma duk wadda ba ta kai tsawon da doka ta yanka ba, ruwa ake mayar da ita. Mu ma dokar kamun kifi ta Nijar ta haramta zuba guba da amfani da abubuwan fashewa. Sauran aikin yana hannun sarakunan ruwa, masu gari da ƙungiyoyin masunta: su tsayar da ranar buɗe tabki, su amince da girman idon raga, su sa masu gadi.

Mai saye ma yana da nasa rabo. Muddin ana rububin ƴan mitsi-mitsin kifi a bakin kasuwa, ba za a daina kamo su ba. Kafin zafi ya shigo, bandar kifi tana nan don miya.