Abin da Ke Jan Mutum a Bakin Teku

Ma'auratan da suka tashi daga Dungu ko Matamaye domin murnar zagayowar ranar aurensu a bakin teku, tekun Atlantika suke tararwa. Wanda ya bi ta Ɗan Barto da Daura da Kano zai sauka Legas. Wasu kuma sukan nufi Kwatano ko Lome, biranen da fataken Nijar suka daɗe da sani saboda tashoshin jiragen ruwa. A Kwatano ana zuwa gaɓar Fidjrossè, a bi hanyar masunta zuwa Ouidah, mai hali ya ƙarasa Grand-Popo inda kogin Mono ke shiga teku. Rairayi ne shimfiɗe, ga itatuwan kwakwa, ga iska mai daɗi.

Da zarar an ji wani ya nutse a can, sai magana ta tashi a majalisa da WhatsApp cewa 'yan ruwa ne suka ɗauke shi, wai suna son amare ko mai sanye da jan kaya. Illar wannan zance babba ce, domin wanda ya yarda da shi sai ya canza launin riga ya shiga ruwa hankali kwance, alhali abin da ke kashe mutane yana nan daram.

Ga yadda abin yake. Raƙuman ruwa suna ta tunkuɗo ruwa zuwa gaɓa ba dare ba rana, kuma dole ruwan ya koma. Sau da yawa akwai tudun yashi a ƙarƙashin ruwa, a miƙe daura da gaɓa, wanda ke tare masa hanya. Duk wanda ya ga soro da damina ya san sauran: ruwa ya taru a kan rufi, rawanin gini ya tare shi, sai ya tattaru ya fita ta indararo da ƙarfin da zai haƙa rami a ƙasa. Inda tudun yashin ya tsage, nan ne indararon teku. Ruwan da ya shigo ta wuri mai faɗi yana fita ta ƙunƙuntar kafa, ya nufi cikin teku da duk abin da ya samu a hanya.

An auna gudun irin wannan ruwa har mita 2.5 a sakan ɗaya, wajen kilomita 9 a awa, gudun da ya fi na zakarun iyo na gasar Olamfik. A Amurka, inda ake ajiye ƙididdiga, shi ke haddasa fiye da kashi 80 cikin 100 na ceton da masu tsaron gaɓa ke yi, kuma yana kashe kimanin mutum 100 a shekara. Ba ya danna mutum ƙasa, nesa da gaɓa kawai yake kai shi. Gajiya da firgici ke nutsar da wanda ya dage sai ya koma ta inda ya fito.

Abin da ya fi yaudarar baƙo shi ne kamanninsa. Dama da hagu raƙuman ruwa na fashewa da farin kumfa, a tsakiya kuwa ga wani zirin ruwa mai duhu, kwance lumui. Wanda ya koyi iyo a tafkunan Korama zai ce nan ne wurin lafiya, ya ja hannun matarsa su shiga. Da ya tsaya minti biyar ya duba, da ya ga kumfa da tarkace suna bin zirin zuwa cikin teku.

Ƙarfin ruwan wannan gaɓa tsohon labari ne. Saboda shi jiragen Turawa suka kasa matsowa, har Jamusawa suka gina doguwar gadar sauke kaya a Lome a 1904, kuma Kwatano ba ta samu tasha mai zurfi ba sai 1965. Gaɓar tana da gangare, taku kaɗan ruwa ya kai ƙirji, kuma teku ya fi hauka daga Mayu zuwa Satumba. Ga kuma tufafi: zane da hijabi ko babbar riga idan sun sha ruwa sukan yi nauyi su naɗe ƙafa. Masu ɗaukar hoto kuwa sukan juya wa teku baya suna kallon waya, raƙumin ruwa ɗaya ya kwashe musu ƙafafu.

Wanda ruwan ya ja, ya kwanta rigingine ya bar jiki ya yi yawo a saman ruwa, ya ɗaga hannu yana kira. Idan ya iya iyo, ya yi gefe daura da gaɓa har ya fita daga zirin, sannan ya nufo tudu. Na bakin gaɓa kada ya faɗa ruwa. Miji ya bi mata, a wayi gari da gawa biyu, abu ne da ya sha faruwa. A jefa jarka mai murfi ko igiya, a kira masunta.

Wurare da yawa a wannan gaɓa ba su da masu tsaro, ba su da allon gargaɗi, kuma hukumomin da ke tallata wuraren shaƙatawa bai kamata su bar baƙi cikin duhu ba. Kafin su gyara, wanda bai iya iyo a teku ba kada ya bari ruwa ya wuce masa gwiwa, kuma ya tambayi masuntan wurin kafin ya tsoma ƙafa.