Sunayen Garuruwa a Bakin Shugabanni: Tuntuɓen Harshe ko Nauyin Shekaru?

Duk lokacin da kakar zaɓe ta zagayo, mutanen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi sukan sha jin sunayen garuruwansu suna fitowa a karkace daga bakin manyan baƙi. Wani ya tsaya a kan dandamali ya gai da mutanen "Kora Namoda", wani ya rikita Zurmi da Zuru, wadda take can Jihar Kebbi, wani kuma ya duba takardar da aka rubuta masa ya yi ta kokawa da sunan ƙauye har sai na kusa da shi ya raɗa masa. A da, akan yi dariya a wuce. Yanzu da kowane yaro yake riƙe da waya mai ɗaukar hoto, kafin baƙon ya kai Gusau maganar ta riga shi isa, kuma hukuncin da akan yanke ɗaya ne: tsufa ya kama shi, ya kamata ya koma gida ya huta.

Wannan hukunci yana da sauƙin yankewa, amma ya haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba, watau ɓata suna da kuma gazawar mai mulki.

Ɓata sunayen garuruwan ƙasar Hausa ya girmi duk wani ɗan siyasa da yake raye a yau. Turawan mulki ne suka fara rubuta su yadda kunnensu ya ji, takardun gwamnati kuma suka gaje su a haka. Sakkwato ta zama Sokoto, Gwandu ta daɗe tana Gando a taswira, Tsafe ta yi shekaru ana rubuta ta Chafe, Kwantagora ta koma Kontagora. A ƙetaren iyaka Faransawa sun yi nasu: Tawa ta zama Tahoua, Tasawa ta zama Tessaoua, Maraɗi kuwa ta rasa lanƙwasar da ke kan harafinta. Ko da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, ba a sami tsayayyar hanyar bambanta ƙ da k, ko ɗ da d, ko ɓ da b ba. Haruffa masu lanƙwasa sai a shekarun 1930 suka zauna, zamanin da Dokta Rupert East yake jagorancin hukumar talifi a Zariya, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, ta taimaka wajen yaɗa su. To amma keken rubutun ofisoshi ba shi da waɗannan haruffa, don haka akawu ya ci gaba da buga Kaura, allon tashar jirgin ƙasa ma haka.

Bahaushe ya san abin da lanƙwasar nan take ɗauke da shi. Baki daban, baƙi daban. Kaya daban, ƙaya daban. Wanda ya kafa gari bai yi maganar ƙafa ba. Sunan Ƙauran Namoda kuwa tarihi ne dunƙule a kalma biyu. Namoda jarumi ne daga gidan Alibawan Zurmi, yana cikin manyan mayaƙan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, kuma yana cikin waɗanda suka ci Alkalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Shi ya kafa garin a bakin kogin Gagare wajen 1807, ya kuma rasu a yaƙin Kiyawa wajen 1810. Ana kiran sarkin garin Sarkin Kiyawa, kamar yadda ake kiran na Zurmi Sarkin Zamfara. A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya ƙare a Ƙaura, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga, sunansa ya shiga bakin fatake da ma'aikatan reluwe daga kowane sashe na Nijeriya, kowa yana faɗarsa da harshen uwarsa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a garin a 1983 ta ƙara kawo baƙi, ta ƙara yawan hanyoyin faɗar sunan.

Akwai kuma wani abin lura da masu dariyar sukan manta. Bazamfare na asali ba ya cewa Shinkafi yadda Bakano yake faɗa. A bakinsa Shinkahi ce, kamar yadda Tsafe take Tsahe, Mafara kuma Mahwara. Ashe ko ɗan jaridar da ya karanta labarai da daidaitacciyar Hausa bai faɗi sunan yadda mai garin yake faɗa ba, kuma babu wanda ya taɓa cewa ya tsufa. Idan ɗan Legas ko ɗan Inugu ya kasa furta ƙ, harshensa ne bai saba ba, kamar yadda Bahaushe yake fama da Ogbomosho.

Saboda haka kuskuren furuci shi kaɗai ba hujja ba ne a kan shekarun mutum. Shugaban Amurka Donald Trump, a Satumbar 2017, ya tsaya gaban shugabannin Afirka a birnin New York ya yaba wa wata ƙasa da ya kira "Nambiya", alhali Namibiya yake nufi. Wannan ya fi kama da rashin sani da rashin damuwa, kuma saurayi ɗan talatin yana iya yin irinsa.

Inda maganar take yin nauyi shi ne idan mutum ya fara rikita abin da ya daɗe da sani. Shugaba Joe Biden, wanda ya shafe kusan shekara 50 a harkokin mulki, ya kira shugaban Masar shugaban Meziko a Fabrairun 2024, sa'an nan a watan Yuli, a taron ƙungiyar NATO, ya gabatar da shugaban Yukiren da sunan Putin, mutumin da yake yaƙarsa. Kafin watan ya ƙare, ranar 21 ga Yuli, ya janye daga takara yana da shekara 81, bayan manyan jam'iyyarsa sun matsa masa. A nan gida, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, a 2015, ya ambaci Jamus ta Yamma, ƙasar da ta daina wanzuwa tun 1990. A Janairun 2019, wajen kamfe a Jihar Delta, ya miƙa wa ɗan takarar gwamna tuta yana kiransa ɗan takarar shugaban ƙasa. Shi da kansa ya faɗa wa 'yan Nijeriya mazauna Afirka ta Kudu a 2015 cewa a shekara 72 akwai iyakar abin da zai iya yi. Kazalika Bola Ahmed Tinubu, a taron buɗe kamfe a Jos a Nuwamban 2022, ya soma yi wa jam'iyyar hamayya addu'a kafin ya gyara bakinsa. Ya hau mulki a 2023 yana da shekara 71. Magoya baya suka ce suɓutar baki ce irin ta kowa, abokan hamayya suka ce alamar ciwo ce, kuma babu ɓangaren da ya zo da takardar likita, domin doka ba ta nemi kowa ya kawo ba.

A nan ne ya kamata ma'aikacin gwamnati ya buɗe kunne, don kuwa shi dokar ba ta yi masa wannan sassauci ba. Ma'aikaci yakan ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Dokar 2022 ta ɗaga wa malaman makaranta zuwa 65, farfesoshi da alƙalan manyan kotuna kuwa wasu dokoki daban ne suka kai su 70. Akawun da ke sakatariyar ƙaramar hukumar Zurmi, ko da ƙwaƙwalwarsa ta fi ta kowa kaifi, ranar da ya cika 60 sai ya miƙa makullai. Amma kundin tsarin mulkin 1999 ƙasa kawai ya yi wa masu neman mulki iyaka, bai yi musu sama ba. Gyaran da aka sa wa hannu ranar 31 ga Mayun 2018 ya rage shekarun ɗan takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25, ya bar ɗaya ɓangaren a buɗe.

Tsarin mulkin dai bai yi shiru gaba ɗaya ba. Sashe na 144 ya tanadi yadda za a sauke shugaban da ya kasa aiki saboda raunin jiki ko na hankali, sashe na 189 kuma ya yi irin wannan tanadi a kan gwamna. Sai dai a dubi hanyar. Dole kashi biyu cikin uku na majalisar zartarwa su fara yanke shawarar cewa shugaba ya gaza, sa'an nan shugaban majalisar dattawa ya naɗa likitoci biyar, ciki har da likitan shugaban, su tabbatar. Su wane ne 'yan majalisar zartarwa? Ministocin da shugaban ya naɗa da hannunsa, waɗanda yake iya kora da safe kafin su zauna da rana. Wanda ake ciyarwa ba ya cewa mai gida ya gaza, kuma har yau ba a taɓa sauke shugaban Nijeriya ta wannan hanya ba. A Tunisiya an yi a Nuwamban 1987, lokacin da likitoci suka sa hannu cewa Habib Bourguiba, mai shekara 84, ba zai iya ci gaba ba, amma firayim ministan da ya tara likitocin shi ya haye kujerar, ya kuma zauna a kai har 2011. A Kamaru kuwa Paul Biya ya sake tsayawa zaɓe a Oktoban 2025 yana da shekara 92, aka kuma ce shi ya ci.

Jarrabawa mafi tsanani da Nijeriya ta fuskanta a kan wannan batu ba ta zo ta hannun tsoho ba. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana da shekara 58 lokacin da aka tafi da shi asibiti a Saudiyya a Nuwamban 2009 ba tare da ya miƙa mulki ba. Ƙasa ta zauna fiye da wata biyu babu tabbacin wanda yake riƙe da ita, ministoci suka kasa motsi, sai a ranar 9 ga Fabrairun 2010 majalisar tarayya ta fake da hujjar larura ta ba Goodluck Jonathan riƙo. Buhari, da ya yi jinya fiye da kwana 100 a jere a Landan a 2017, ya miƙa wa mataimakinsa riƙo a rubuce, kuma wannan abin a yaba ne, ko da yake ba a taɓa gaya wa talakawa abin da yake damunsa ba.

Mutumin Shinkafi ma yana da nasa lissafin. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara daga Sakkwato ranar 1 ga Oktoban 1996, ba tsofaffi tukuf ne suka mulke ta ba. Ahmad Sani Yariman Bakura bai cika 40 ba da ya hau a 1999; Abdul'aziz Yari yana da arba'in da 'yan kai a 2011; Bello Matawalle yana wajen 50 a 2019; Dauda Lawal yana da 57 a 2023. Dukkansu, har da Mahmuda Aliyu Shinkafi wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2011, 'yan ƙasa ne da ba sa tuntuɓe a kan sunan kowane gari. Duk da haka a cikin waɗannan shekaru ne satar shanu ta rikiɗe ta zama ta'addancin 'yan bindiga, hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ta zama abin fargaba, har a Satumbar 2021 aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako, ciki har da kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis wadda fatake suke zuwa tun daga Nijar. Iya faɗin suna bai hana wannan ba, ƙuruciya ma ba ta hana ba.

Wannan ba ya nufin sunan ba shi da muhimmanci. A yankin da ake kai rahoton hari ta waya cikin dare, sanin wuri aiki ne. Akwai Kware a ƙaramar hukumar Shinkafi, akwai kuma Kware wadda take ƙaramar hukuma sukutum a Jihar Sakkwato. Akwai Kurya a Shinkafi, akwai Kuryar Madaro a ƙasar Ƙaura. Akwai wata Kaura a kudancin Jihar Kaduna da ba ta da alaƙa da Namoda. Ga Maru, ga Maradun, ga Maraɗi; ga tungaye da gidaje masu suna iri ɗaya ba adadi. Jami'in da yake zaune a Abuja, wanda bai san bambancin waɗannan ba kuma bai tambaya ba, yana iya tura kayan agaji ko ɗauki inda ba a nema ba, ko shekarunsa 35 ne ko 75. Dattijon da ya karkata sunan Moriki amma ya san a ina take, ya san wace hanya ce ta haɗa ta da Zurmi, ya kuma iya zama awa uku yana sauraron rahoto, ya fi amfani ga mutanen Moriki a kan wanda ya faɗi sunan daram daga takarda.

Al'adar ƙasar nan tana girmama furfura, kuma ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya yi shekara 50 a kan gado, daga 1938 zuwa 1988, mutane kuma ba su daina neman shawararsa ba har ƙarshe. Amma hangen babba daban, ɗawainiyar yau da kullum daban, kuma magabata sun san da haka. Shehu Usmanu, wanda Namoda ya yi yaƙi a ƙarƙashin tutarsa, an haife shi a 1754. A 1812, yana Sifawa, bai kai 60 ba kuma hankalinsa garau, ya raba tafiyar da mulki tsakanin ƙanensa Abdullahi, wanda ya riƙi yamma, da ɗansa Muhammadu Bello, wanda ya riƙi gabas, ciki har da ƙasar Zamfara. Shi kuwa ya koma ga karantarwa da rubutu, har Allah ya yi masa rasuwa a Sakkwato a 1817.