Daga Sinimar Palace zuwa asibitin haihuwa: gardamar da Jakara ba ta gama ba

A unguwar Jakara, daura da Kasuwar Kurmi a tsakiyar birnin Kano, akwai asibitin haihuwa mai ɗauke da sunan marigayi Alhaji Sabo Bakin Zuwo. Mata na zuwa awo, ana kawo jarirai rigakafi, 'yan uwa na shiga da kwanukan abinci. Kaɗan ne daga cikin matasan da ke kai-kawo a wurin suka san cewa a da can gidan sinima ne, wato Palace, sinima ta farko da aka taɓa ginawa a cikin ganuwar Kano. Na ɗauko tarihin wannan wuri ne domin gardamar da aka fara a kansa a 1952 har yau ba mu kammala ta ba. Suna kawai take sauyawa.

Kafin a fahimci abin da ya sa Palace ta zama abin rigima, sai an tuna yadda Kanawa suka fara haɗuwa da hoto mai motsi. Hanya biyu ya biyo. Ta farko ita ce majigi, wanda gwamnatin Turawa da En'e ke yawo da shi a mota, a kafa farin ƙyalle a fili bayan faɗuwar rana, a nuna wa talakawa tsafta da noma da biyan haraji, kyauta. Shi wannan da izinin hukuma yake zuwa, saboda haka yaro da babba kowa na iya tsayawa ya kalla ba tare da an zarge shi ba. Hanya ta biyu ita ce sinimar kuɗi, wadda akasari Kwarori 'yan kasuwa suka kawo. A 1937 aka buɗe Rex, sannan wasu suka biyo baya, amma dukkansu a waje suke, can wajen Sabon Gari da Fagge, inda baƙi da mashaya da gidajen rawa suke. A idon mutumin birni, ganuwa iyaka ce tsakanin inda ake kunya da inda ba a yi. Sinima ta tashi a ɗaya ɓangaren, ta kuma ɗauki ƙaurin maƙwabtanta. Ba banza ba wasu suka riƙa kiran ta dodon bango.

Sai kuma ga masifar da ta auku ranar 13 ga Mayu, 1951, lokacin da gobara ta tashi a sinimar El Duniya ana tsakiyar kallo. Daga cikin kimanin mutum 600 da ke ciki, 331 suka rasu, mafi yawansu samari. Gari ya ɗauka cewa azaba ce ta sauka a kan masu saɓo, jita-jita ta yi yawa har sai da hukuma ta fito tana ƙaryata wasu daga ciki. Makokin bai gama hucewa ba, shekara guda kacal bayan haka, aka buɗe Palace a Jakara da amincewar Sarkin Kano Abdullahi Bayero.

Duk wanda ya san matsayin Jakara zai gane nauyin wannan mataki. Gefen Kurmi ce, kasuwar da ta samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, kewaye da zaurukan malamai da makarantun allo da gidajen attajirai. Malamai suka yi tir, iyaye suka yi Allah wadai, samari kuma suka ɗauki duwatsu. Da yake wurin kallon ba shi da rufi, kamar yawancin sinimomin Kano na wancan zamani, sai a tsaya a bayan katanga a riƙa jefa dutse yana sauka a kan 'yan kallo cikin duhu. Sai da 'yan sanda suka shiga tsakani suka yi kame kafin ƙura ta lafa. Sinimar dai ta tsaya, ta kuma yi shekara talatin da ɗaya tana aiki.

Abin da ya gudana a cikin waɗannan shekaru ya fi yadda masu suka ko masu yabo ke taƙaita shi. Da fari fina-finan Amurka da na Ingila ake nunawa, na kaboyi da na yaƙi. Daga baya na Indiya suka shigo suka mamaye allo a Kano baki ɗaya, sannan na Sin masu faɗa suka samu nasu daren. Ba wuya a gane dalilin da ya sa Bahaushe ya rungumi fim ɗin Indiya ko da ba ya jin yaren. A ciki yana ganin auren dole, da biyayyar iyaye, da talaka mai son 'yar mai kuɗi, da mace mai lulluɓi da kunya, duk abubuwan da ya sani a gidansu. Jarumai suka samu laƙabin Hausa: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi. Karin waƙoƙin ya fita daga sinima ya shiga gari, har masu bandiri suka riƙa ɗora yabon Annabi (SAW) a kansa. Marubutan littattafan soyayya sun sha daga wannan rijiya, haka ma masu shirya fim ɗin Hausa tun daga Turmin Danya na 1990. Wanda duk ke son sanin inda rawa da waƙa suka samo gindin zama a Kannywood, to ya nemi amsar a kan bencinan Palace da takwarorinta.

A bakin ƙofa kuwa wata ƙaramar kasuwa ce ke ci kowane dare: mai shayi, mai tsire, mai rake, mai gyaɗa, mai jiran kekuna. Yaron shago da ya wuni a Kurmi, da ɗan dako, da tela, nan suke zuwa su huce gajiya da 'yan kuɗi kaɗan. Sai dai wuri ne na maza. Macen da aka gani a ciki ta yi asarar mutuncinta a idon unguwa, ɗan malam kuma sai ya saci jiki.

Gaskiya ɗaya ce, ba kuma za a ɓoye ta don son tarihi ba: a ƙarshe Palace ta zama abin da masu adawa da ita suka ji tsoro tun farko. Ta yi suna da shaye-shaye da alfasha, maƙwabta suka gaji. A 1983 Sabo Bakin Zuwo, ɗan cikin birni, ya hau kujerar gwamna a jam'iyyar PRP. Wata uku kacal ya yi, daga farkon Oktoba zuwa ƙarshen Disamba da sojoji suka kifar da Jamhuriya ta Biyu, amma a cikin wannan ɗan lokaci ya rufe sinimar ya mayar da ita asibiti. Jama'a suka yi murna, kuma a ganina suna da hujja. Unguwa mai cunkoso irin Jakara, wadda lungunanta mota ba ta shiga da sauƙi, ta fi buƙatar wurin da mai naƙuda za ta isa cikin minti kaɗan. Ya kuma yi abin da ba kasafai ake yi ba a yau: ya karɓe wurin taruwar jama'a ya mayar da shi ga jama'a, bai yanka shi shaguna ya raba wa 'yan siyasa ba.

Inda nake da ja shi ne darasin da muka ɗauka daga wannan nasara. Mun ɗauka cewa in aka rufe gini, an rufe kallo. Abin da ya biyo baya ya nuna akasin haka. Sauran sinimomin Kano ba gwamna ne ya kashe yawancinsu ba, bidiyo ne, wanda ya ɗauke fim daga bayan katangar sinima ya kai shi tsakar gida, gaban matan aure da yaran da a da ba su isa su leƙa Palace ba. Wasu gidajen suka koma wuraren kasuwanci, wasu sai suna ya rage: yau in aka ce Wapa, canjin kuɗi ne ke zuwa zuciyar yaro, ba sinimar da ta ba wurin suna ba. A ƙarshen 2000, bayan ƙaddamar da Shari'a, gwamnatin jiha ta dakatar da harkar fim na ɗan lokaci, sannan a 2001 ta kafa Hukumar Tace Fina-finai. A 2016 aka janye shirin gina ƙauyen fim a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, bayan malamai sun tashi tsaye. Duk wanda ya saurari hujjojin 2016 zai ji amon na 1952. A tsakanin waɗannan shekaru kuwa 'yan kallo ba su ragu ba. Sun koma gidajen kallo na langa-langa a lunguna, sannan suka koma cikin wayar hannu.

Nan ne ya kamata mu tsaya mu auna. Sinima, duk da aibinta, tana da ƙofa, tana da mai yankan tikiti, tana da lokacin tashi, hukuma kuma na iya sanin abin da za a haska kafin a haska shi. Wayar da ke ƙarƙashin matashin ɗanka ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ya lalata Palace rashin kulawa ne: an bar wuri mai tara ɗaruruwan samari cikin duhu, mutanen kirki suka ƙaurace masa, ya zama na waɗanda suka rage. Rai dangin goro ne, in ji masu iya magana. Birni mai miliyoyin matasa ba zai rayu da masallaci da kasuwa da asibiti kaɗai ba, sai da wurin hutawa. Idan ba a tanadi mai tsafta ba, wanda ba mu so shi zai samu kasuwa. Ina ganin lokaci ya yi da malamai da hukuma da masu sana'ar fim za su bar tambayar ko a yi gidan kallo ko kada a yi, su zauna a kan sharuɗɗa: haske, wurin iyali, lokacin da ba ya cin karo da salla, tantance shekarun mai shiga, da ƙofofin fita masu faɗi waɗanda ba a kullewa, domin mutum 331 na El Duniya ba su cancanci a manta da su ba.

Akwai kuma bashin tarihi. Mafi yawan abin da aka rubuta a kan sinimomin Kano yana cikin Ingilishi, a ayyukan masana irin su Brian Larkin, mai littafin Signal and Noise na 2008, da Farfesa Abdalla Uba Adamu. Wanda yake ɗan shekara goma sha biyar ranar da aka buɗe Palace, ko yana cikin masu jifa ko cikin waɗanda aka jefa, yau ya doshi casa'in. Ina kira ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, da Gidan Makama, da ɗaliban Jami'ar Bayero masu neman abin bincike, su shiga Jakara da na'urar ɗaukar murya tun waɗannan dattawa na da sauran numfashi. A tattara tsofaffin hotuna da tikiti da takardun talla. A kafa ɗan allo a jikin asibitin, da Hausa, mai bayyana abin da wurin yake a da, da wanda ya sauya shi, da dalili.

Jariran farko da aka haifa a wannan wuri yanzu sun haura arba'in, su ne iyayen da ke fama da 'ya'ya da waya. Su ne za su yanke hukunci a kan gardama ta gaba, kuma tana nan tafe. Zai fi kyau su yanke shi suna sane da yadda ta baya ta kaya.