2.4 Fashewar Hanta a Sakamakon Hawan Jinin Masu Ciki

A wannan sashe za a yi bayani a kan fashewar hanta, wadda take cikin matsaloli mafi haɗari da hawan jinin masu ciki kan haifar. Wannan hawan jini yakan bayyana ne bayan ciki ya kai sati 20, inda awon jini zai kai 140/90 tare da sinadarin furotin a fitsari. Idan awo ya kai 160/110, to, cutar ta tsananta.

Masana sun nuna cewa tushen cutar yana ga mabiyiya. Idan ba ta kafu sosai a jikin mahaifa ba, takan saki wasu sinadarai da ke lalata jijiyoyin jinin uwa. Daga nan ƙananan jijiyoyin hanta sukan toshe, wani ɓangarenta ya mutu, jini ya taru a ƙarƙashin tantanin da ya lulluɓe ta, galibi ta ɓangaren dama. Idan tantanin ya yage, sai jini ya malala cikin ciki. Abercrombie ne ya fara bayyana wannan matsala a shekarar 1844. Akasari tana zuwa ne tare da yanayin da Louis Weinstein ya raɗa wa suna HELLP a 1982, wato fashewar jajayen ƙwayoyin jini, da lahani a hanta, da ƙarancin ƙwayoyin da ke daskarar da jini.

Alamominta sun haɗa da ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko a kahon zuci, da ciwon kafaɗar dama, da amai, sannan jiri da suma. A ƙauyukan Kankiya da Kusada, kamar sauran ƙasar Hausa, akan ɗauki irin wannan ciwo a matsayin ƙwannafi ko gyambon ciki, jijjiga kuwa a jingina ta ga iskoki. Wannan kan jawo jinkirin zuwa asibiti.

Da zarar hanta ta fashe, akasari abin da ke ceton rai shi ne ƙarin jini da tiyata cikin gaggawa, a ciro jariri, a tsayar da jinin. Don haka ya wajaba ma'aikatan ƙananan asibitoci su tura mai irin waɗannan alamomi Babban Asibitin Kankiya, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ba tare da ɓata lokaci ba. Haka kuma a ci gaba da sa ido bayan haihuwa, domin matsalar kan iya aukuwa a kwana biyun farko.