Filin da Masana'antu Suka Watsar: Labarin Stratford

Yau za mu yada zango ne a gabashin birnin Landan, a unguwar Stratford da ke bakin kogin Lea, inda aka ɗauki wani makeken fili da masana'antu suka ci moriyarsa suka watsar, aka wanke ƙasarsa da ruwa da injina, aka gina gidaje a kai.

Sama da shekara ɗari wurin nan yana karɓar duk abin da sauran Landan ba ta so a kusa da ita. Akwai ma'aikatar ƙera jiragen ƙasa da gyaransu, wadda aka rufe a 1991. Akwai masana'antun sinadarai da na fenti, ga juji, ga wani tulin matattun firji da ya yi tsawo har mutane na kiransa dutse. A 2005 Landan ta samu damar ɗaukar nauyin wasannin Olamfik na 2012, kuma babban alkawarin da aka yi shi ne, idan 'yan wasa suka watse, mutanen yankin, waɗanda ke cikin mafiya talauci a birnin, za su samu muhalli.

To amma ba a aza tubali ko ɗaya ba sai da aka binciki ƙasar. Irin wannan bincike da takarda yake farawa. A ɗauko tsofaffin taswirori, a gano inda tankin mai ya taɓa zama, da inda ake zubar da toka. Daga nan sai a shiga haƙa. An huda ƙasar a dubban wurare, ana ɗibar samfurinta da na ruwan da ke ƙarƙashinta ana kaiwa ɗakin gwaji. Abin da aka tarar ya haɗa da mai, da kwalta, da dalma, da asinik, da sayanayid. Ido ba ya ganin yawancinsu. Ciyawa na iya fitowa shar a kai, amma yaron da ke rarrafe yana kai hannu baki shi zai fara kwasa.

Maimakon a kwashe ƙasar a je a jibge wa wasu, sai aka kafa injinan wanki a cikin filin, har ma'aikata suka laƙaba wa wurin suna asibitin ƙasa. Mota ta juye lodi, ruwa ya bi ta kai, injin ya girgiza, kamar yadda ake rege shinkafa a ƙwarya. Tsakuwa da yashi su fito fes, laka mai laushi wadda gubar ke maƙale mata ta koma gefe a matse ta a fitar. Ƙasar da ta sha mai kuma aka tara ta kunya-kunya, aka bar ƙwayoyin halitta suna cinye man sannu a hankali. Kimanin tan miliyan 2 aka tsaftace, kuma mafi yawanta a nan aka sake amfani da ita.

Abin da ya fi burge ni a aikin nan ƙarami ne. Inda aka bar tsohuwar ƙasa a ƙasa, sai da aka shimfiɗa mata wani ƙyalle mai ruwan lemo, sannan aka zuba sabuwa mai kaurin fiye da rabin mita a kai. Duk ranar da wani lebura ya zo haƙa ramin bututu, ko da bayan shekara hamsin ne, da zarar shebur ɗinsa ya taɓo ƙyallen ya san ya iso iyaka. An yi tunanin mutumin da ba a ma haifa ba.

Bayan wasanni, masaukin 'yan wasa ya koma gidaje 2,818, aka fara shiga a 2013. Daga ciki 1,379 ne aka ware a matsayin masu rangwame, sauran kuma wasu kamfanoni biyu, ɗaya na Ƙatar, suka saye suna ba da haya a farashin kasuwa. A cikin masu rangwamen ma, 675 ne kaɗai ke kan hayar da ƙaramin ma'aikaci zai iya biya ba tare da ya hana iyalinsa abinci ba. Wannan kuwa a ƙaramar hukumar Newham, inda iyalai fiye da 30,000 ke layin jiran gida. Kada kuma mu manta da mutane sama da 400 na rukunin gidajen Clays Lane, da aka tasa a 2007 don a yi aikin. Gaskiya wannan yana min ciwo. Da kuɗin jama'a aka wanke filin, da ya yi kyau ya yi daraja, sai talaka ya samu ɗan abin da ya samu.

Masu sauraro, mu ma muna da irin waɗannan filaye. Duk wanda ya ratsa Kakuri a Kaduna ya ga masaƙun da suka yi shiru. A Bompai da Sharaɗa a Kano akwai masana'antun da ƙofofinsu suka yi tsatsa, ga titi, ga wuta, ga kasuwa kusa, alhali magidanta na tafiya bayan gari neman fuloti, kuɗin mota na cinye albashi. Gina gidaje a irin wuraren nan dabara ce mai kyau. Sai dai inda aka yi rini ko jima shekara da shekaru, ƙasa ta sha sinadari, mu kuwa da mun tare rijiya ko burtsatse muke fara haƙawa. Haka kududdufan da ake cikewa da shara a yanka a sayar. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara kimanin 400 suka rasu, kuma sai da aka bi gida-gida ana kankare ƙasar tsakar gida a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega.

Doka ba ta rasa ba. Tun 1992 Najeriya ke da dokar tantance illar ayyuka ga muhalli, wadda ta biyo bayan sharar gubar da aka jibge a garin Koko a 1988. Dokar filaye ta 1978 kuma ta damƙa filayen birni a hannun gwamna. Ke nan mai sa hannu a takardar mallaka yana da ikon ya ce ba za a yanka tsohon filin masana'anta ba sai an gwada ƙasa da ruwa, an fassara sakamakon da Hausa an kai wa mai unguwa ya karanta wa jama'a. Yana kuma da ikon ya sa a rubuta yawan gidajen masu ƙaramin ƙarfi da kuɗin hayarsu a cikin yarjejeniya, tun filin yana kango, kafin dillalai su ji ƙanshinsa.