Katin Sauti na Kwamfuta da Lasifikar Kunne Mai Yawan Turjiya

1.0 Gabatarwa

Tambayar da wannan takarda za ta yi ƙoƙarin amsawa ita ce: shin katin sauti na kwamfuta yana iya ɗaukar nauyin lasifikar kunne mai yawan turjiya? Lasifikar kunne ita ce abin nan da ake ɗorawa a ka, ya rufe kunnuwa biyu, wanda samari ke kira hedfon. Katin sauti kuwa shi ne sashen kwamfuta da ke juya lambobin da aka adana su koma sautin da kunne zai ji.

Batun ya shafe mu ƙwarai, domin da yawa daga cikinmu aikinmu na saurare ne. Mai nazarin harshe yakan zauna yana maimaita maganar da ya ɗauko a ƙauye, don ya rarrabe karin sama da na ƙasa, ko dogon wasali da gajere. Mai nazarin waƙa yakan bi muryar mawaƙi a cikin amon kalangu da na 'yan amshi. Sau da yawa akan kashe kuɗi mai yawa a sayo lasifika mai suna, a jona ta da kwamfuta, sai a ji sauti can ƙasa-ƙasa, a ɗauka an sayo jabu. Za mu nuna cewa adadin turjiya shi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an haɗa shi da wasu alƙaluma biyu.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Mu ɗauki misalin tankin ruwa da aka ɗora a bisa hasumiya, aka jawo bututu daga gare shi. Tsawon hasumiyar shi ke sa ruwa ya sauko da ƙarfi. Wannan shi ne abin da za mu kira turi, ana kuma auna turin lantarki da bolt. Yawan ruwan da ke bi ta bututun shi ne kwarara, ana auna ta da amfiya. Ƙuncin bututun, wanda ke hana ruwa wucewa da yawa, shi ne turjiya, ma'auninta kuwa om, sunan da aka samo daga Georg Simon Ohm, masanin ƙasar Jamus wanda ya bayyana dangantakar waɗannan abubuwa uku a 1827. Ka'idarsa ta ce idan aka raba turi da turjiya, abin da ya fito shi ne kwarara. Ƙarfin da ke isa ga lasifika kuma ana samunsa ne idan aka ninka turi da kansa, sa'an nan aka raba da turjiya. Ana auna shi da wat, amma a nan miliwat za mu yi amfani da shi, watau kashi ɗaya daga dubu na wat.

A cikin kowace lasifikar kunne ta yau da kullum akwai naɗin siririyar waya a tsakiyar maganaɗisu, an manna shi da wani tantani. Idan lantarki ya bi ta naɗin, sai tantanin ya kaɗa, iska ta motsa, kunne ya ji. Idan wayar ta yi siriri ƙwarai, naɗin kuma ya yi yawa, turjiya takan ƙaru. Lasifikun da ake yi don wayar hannu galibi suna tsakanin om 16 da om 32. Waɗanda ake kira masu yawan turjiya kuwa su ne na om 250, da 300, da 600.

3.0 Asalin Bambancin

Ruwa ba ya tsami banza. Lasifikun kunne na gidajen rediyo da ɗakunan ɗaukar murya an yi su ne don manyan na'urori masu turi mai yawa, kuma akan jona da yawa a kan layi guda. Idan aka jera lasifiku goma masu om 600 kafaɗa da kafaɗa a layi ɗaya, turjiyarsu gaba ɗaya takan zama om 60, abin da na'ura za ta ɗauka ba wahala. Da a ce masu om 32 ne, da ta sauko zuwa om 3.2, wanda ya yi wa yawancin irin waɗannan kafofi nauyi. Lasifikar HD 414 da kamfanin Sennheiser na Jamus ya fitar a 1968, turjiyarta ta farko om 2,000 ce.

Al'amarin ya sake salo bayan da kamfanin Sony na Japan ya fito da Walkman a 1979. Wannan ƙaramin rikoda da batir biyu yake aiki, watau bolt 3 kacal, saboda haka dole aka yi masa lasifika mai ƙaramar turjiya wadda za ta yi ƙara da ɗan turi kaɗan. Kwamfuta ta biyo wannan sawu. Katin AdLib ya fito a 1987, Sound Blaster na kamfanin Creative da ke Singafo ya biyo baya a 1989. Daga baya kamfanin Intel ya fitar da tsarin AC'97 a 1997, da tsarin HD Audio a 2004, sai aikin katin ya koma cikin wani ɗan ƙwaya da ke manne a babban allon kwamfuta. Yawancin irin wannan kati na cikin allo turinsa bai wuce wajen bolt 1 ba, wasu masu kyau sukan kai bolt 2. Su kuwa masu ƙera lasifika ba su daina yin masu yawan turjiya ba: HD 600 ta Sennheiser, wadda ta fito a 1997, om 300 ce, kamfanin Beyerdynamic kuma ya yi DT 880 iri uku, mai om 32, da mai 250, da mai 600.

4.0 Lissafin Turi da Ƙarfi

Bari mu ɗauki kati mai bolt 1, mu bi ka'idar da muka kawo a sashe na biyu. Lasifika mai om 32 za ta sami miliwat 31. Mai om 250 za ta sami miliwat 4, mai om 300 miliwat 3.3, mai om 600 kuwa miliwat 1.7 kawai. Ashe ke nan abin da lasifika mai yawan turjiya ke nema shi ne turi. Kwarara ba ta dame ta ba, domin a bolt 1 mai om 600 ba ta jan ko da kashi 2 daga dubu na amfiya, alhali mai om 32 tana jan kashi 31. Wannan ya kawar da wani tsoro da mutane ke yi, cewa irin wannan lasifika za ta ƙona katin. Ba za ta ƙona shi ba. Ita ce ma kaya mafi sauƙi a gare shi.

Alƙalami na biyu shi ne saurin amsawa, watau yawan ƙarar da lasifika ke bayarwa idan ta sami miliwat ɗaya. Ana auna ƙara da desibel. Duk lokacin da ƙarfi ya ninka biyu, ƙara takan hau da desibel 3. Idan ya ninka goma, ta hau da desibel 10. Kamfanin Beyerdynamic ya ba da desibel 96 a matsayin amsawar DT 880. Bisa ga wannan, a kan kati mai bolt 1, iyakar ƙarar mai om 600 wajen desibel 98 ce, ta mai om 250 desibel 102, ta mai om 32 kuwa desibel 111, muddin katin yana da isasshiyar kwarara.

Mai saurare zai ce ai desibel 98 ƙara ce babba, kuma ya yi gaskiya. Sai dai wannan adadi ƙololuwa ce, ba matsakaici ba. Sauti yana hawa yana sauka. Dukan ganga ɗaya yakan haura matsakaicin waƙa nesa ba kusa ba. Waƙoƙin kasuwa na zamani an matse su, tazarar da ke tsakanin matsakaici da ƙololuwa kaɗan ce, don haka sukan fito da ƙarfi ko a kan kati mai rauni. Muryar da manazarci ya ɗauko a zaure ko a bakin kasuwa kuwa, wadda ba a taɓa ta ba, matsakaicinta yana iya zama desibel 20 ko fiye ƙasa da iyakar na'ura. Idan muka cire 20 daga 98, saura 78. Idan an ɗauko maganar a hankali ƙwarai, ta sauka ƙasa da haka, fanka ko janareta na iya danne ta. Wanda ke son ƙololuwar desibel 110 daga lasifika mai amsawar desibel 96, miliwat 25 yake bukata. Mai om 32 za ta same shi da bolt 0.9, mai om 250 da bolt 2.5, mai om 600 kuwa sai da kusan bolt 3.9. A nan ne katin cikin allo ke gazawa.

Wasu sukan nemi mafita ta hanyar ƙara murya a cikin manhaja har ta wuce kashi ɗari. Wannan yana taimakawa idan akwai sauran fili a sama. Idan babu, katin ba zai ba da turin da ba shi da shi ba, sai ya datse kawunan sautin, murya ta fito a dagule tana ƙarƙara.

5.0 Turjiyar Katin Kansa

Alƙalami na uku shi ne wanda aka fi mantawa da shi, masu sayarwa ma ba kasafai suke rubuta shi ba. Kafar da ake jona lasifika tana da tata turjiyar, kuma turi yakan rabu tsakaninta da lasifika gwargwadon girman kowacce. Alal misali, idan turjiyar kafar om 75 ce, lasifika mai om 32 kashi 30 cikin ɗari na turin kawai za ta samu. Mai om 300 za ta sami kashi 80, mai om 600 kashi 89. Saboda haka tazarar ƙara da muka lissafa a sama takan ragu a kan irin wannan kati. Ka'idar da masu sana'ar ke bi ita ce kada turjiyar kafa ta wuce kashi ɗaya daga takwas na turjiyar lasifika. Mai om 32 tana bukatar kafa mai om 4 ko ƙasa, mai om 300 kuwa za ta zauna lafiya da kafa mai om 37.

Dalilin wannan ka'ida shi ne turjiyar lasifika ba a tsaye take ba, tana canzawa bisa kaurin sauti ko sirantakarsa. Ta HD 600, alal misali, takan haura om 500 a wajen kaɗawa 100 a daƙiƙa, inda kaurin muryar namiji yake. Idan turjiyar kafa ta yi yawa, wannan yanki yakan sami rabo fiye da sauran, sautin ya karkata.

Har wa yau, katuna da dama suna da kafasita a bakin kafar. Kafasita mai mikrofarad 100 idan ta haɗu da lasifika mai om 32, takan raunana sautin da ke ƙasa da kaɗawa 50 a daƙiƙa. Idan ta haɗu da mai om 300, raunin ba ya farawa sai wajen kaɗawa 5, inda kunnen ɗan Adam ba ya kaiwa. Daɗin daɗawa, shuuu ɗin nan da ake ji daga cikin kwamfuta ya fi fitowa a lasifika mai ƙaramar turjiya da saurin amsawa. Ta waɗannan fuskoki uku, mai yawan turjiya ita ce ta fi rufa wa kati mai araha asiri.

6.0 Shawarwari

Na farko, kafin a sayi kaya a nemi alƙaluman nan uku: turin katin, da turjiyar kafarsa, da amsawar lasifika. A lura kuma wasu kamfanoni suna ba da amsawa bisa miliwat ɗaya, wasu bisa bolt ɗaya, kuma adadin biyu ba ɗaya ba ne.

Na biyu, kalmar "yana ɗaukar om 600" da ake bugawa a kwali ba ta isa hujja ba sai an ga yawan bolt. Akwai katunan da aka sa musu amfilifaya ta musamman, irin su Xonar Essence STX na kamfanin Asus, waɗanda aka yi domin wannan aiki. Kamfanin Apple ma ya bayyana cewa kwamfutocinsa MacBook Pro da ya fitar a 2021 suna ba da bolt 1.25 ga lasifikar da ke ƙasa da om 150, da bolt 3 ga wadda ke tsakanin om 150 da 1,000.

Na uku, sai an gwada akan san na ƙwarai. A saka muryar da aka fi ɗaukowa a hankali, a saurara. Idan ta isa kunne sarai kuma akwai sauran wurin ƙarawa, katin ya wadatar. Idan an kai maƙura ana neman ƙari, a sayi ƙaramar amfilifaya ta waje, ko kuwa a zaɓi lasifika mai om 32 zuwa 80 tun farko. Ga ɗakin koyon harsuna inda ɗalibai za su jona kai tsaye da kwamfuta, wannan zaɓi na ƙarshe ya fi sauƙin kuɗi.

Na huɗu, a kula da kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya tare da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya sun gabatar da mizani a 2019, wanda ya ɗauki desibel 80 na tsawon awa 40 a mako a matsayin iyakar baligi. Kowane ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Amfanin amfilifaya shi ne ta ba ƙololuwa fili, matsakaicin saurare kuwa ya zauna inda yake.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa kowane katin sauti zai fitar da murya daga lasifika mai yawan turjiya ba tare da wata illa ba, amma ganin Dala ba shiga birni ba ne. Kati mai bolt 1 yakan wadatar da lasifika mai om 250 ko 300 wajen sauraren waƙoƙin kasuwa a ɗaki mai shiru. Yakan gaza idan lasifikar mai om 600 ce, ko amsawarta ba ta da sauri, ko kuma muryar da ake nazari an ɗauko ta a hankali, wanda shi ne halin da yawancinmu ke ciki. A irin wannan hali abin da ya rage shi ne turi, bolt 3 zuwa 4, kuma shi ya kamata a nema. Muna fata sassan da ke shirin sayen kayan saurare za su yi wannan ɗan lissafi kafin su rubuta takardar oda.